Ranar da Nana Ya Yaye wa Madam Lulluɓi

Masu turo min saƙo kullum kuna tambayar me ya hana a sa ranar bikina da Feroze, to yau ku gyara zama ku ji, amma don Allah kada wanda ya yi min dariya. Mota ce ta hana. Motar tana nan lafiyarta ƙalau a ƙarƙashin gidanmu, lulluɓe da tsofaffin zannuwan gado, fitowa ce kawai ba ta yi ba. Ni kuma Zorina na rantse ba zan bar gidan nan ba sai a cikinta.

Gidanmu na katako ne a kan dogayen ginshiƙai, kamar na kowa a bakin titin Corentyne, kuma rabin rayuwarmu a ƙarƙashinsa muke yin ta. Nan murhun ƙasa na Mama yake, nan lilon buhun shinkafa na Nana Haniff yake, wato mahaifin Mama, wanda ya riƙe mu tun rasuwar babana ina rarrafe. Sauran wurin kuwa na Madam ne, wato motar Nana. Wolseley ce 'yar Ingila, launin toka mai duhu, kujerunta jar fata, gaban sitiyarinta katako ne mai sheƙi kamar teburin gidan masu hali. A goshinta akwai wani ɗan tambari mai siffar ƙwai, idan aka kunna fitilu shi ma sai ya kama, sunanta ya fito a rubuce cikin haske. Ina yarinya na ɗauka duk motar duniya haka take, sai da na girma na gane ko a Georgetown, babban birninmu, sai ka sha yawo ba ka ga irinta ba. Wani bature ya taɓa zuwa takanas ya ɗauki hotonta, har da kwanciya a ƙasa yana leƙen cikinta, yana cewa ko a ƙasarsu 'yan kaɗan suka rage. Nana ya ba shi shayi, ya raka shi bakin titi tun kafin ya kai ga tambayar ko ta sayarwa ce.

Abin da ya sa maganar ta dame ni shi ne, Nana ba ya cewa "na yarda" da bakinsa. Bai taɓa ba. Idan aka zo neman auren 'yar gidan nan, mutumin kuma ya kwanta masa, sai ranar Lahadi a ga ya fito da Madam, ya tsallake 'yar gadar katakon da ke kan magudanar ruwan ƙofar gidanmu, ya tsayar da ita a bakin titi yana wankewa yana fito. Shi ke nan, ƙauye ya ji labari, ba sai an aiki kowa ba. A cikinta aka kai Mama, aka kai ƙannenta, aka kai 'ya'yan maƙwabta, Musulmi da Hindu da Kirista, duk Nana ne a sitiyari da farar hularsa. Yanzu ga iyayen Feroze sun zo tun kafin azumi da farantan kayan zaƙi, an yi addu'a, an ci an sha, har an yi Sallah an cinye taliyar madara. Lahadi sai zuwa take tana wucewa, Madam ko motsi.

Ni dai a lokacin na san laifin wa nake gani. Feroze malamin lissafi ne a wata sakandare, dogo, mai tabarau, mai kirki har ya yi yawa, sai dai bakinsa yana riga kansa isa wuri. Ranar da ya fara zuwa gaisuwa, Nana ya ɗaga gefen zanin ya nuna masa Madam, abin da ba ya yi wa kowa. Gogan naku ya zagaya ta, ya shafa, ya jinjina kai.

"Masha Allah, Nana, kamar jiya aka ƙera ta. Ai da za a cire tsohon injin nan a sa mata na Japan yadda ake yi yanzu, da sai ta ƙara wasu shekaru hamsin."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Nana ya sauke zanin a hankali, ya gyara gefensa, ya ce da ni, "Beti," wato 'yata, "kawo wa baƙo ruwa." Baƙo fa! Mutumin da ya zo neman aurena. Tun daga ranar na canza sunansa a wayata zuwa Injin Japan, kuma har yau ban gyara ba.

Mama ce ta fara gajiya. Ranar Alhamis ɗin makon jiya na dawo daga kantin maganin da nake aiki, ko takalmi ban cire ba ta tare ni, tana tafa roti, gurasar nan tamu, a tsakanin tafukanta, gari har gira.

"Maman Feroze ta sake kira. Yayarsa ta Toronto tana son ta san watan da za ta nemi hutu. Me zan ce wa mata?"

"Ki ce muna jiran Nana."

"Muna jiran Nana, muna jiran Nana! Ke ba ki san kakan naki Pa ba ne? Rigimar tsufa ce kawai. Sun ce ɗan wan maman Feroze mai aiki da masu haƙar mai zai ba da jif fara, sabuwa fil, mai sanyi a ciki."

"Ke a jif aka kai ki?"

"Ni lokacina daban."

"To ni ma ba zan zama ta farko da Madam ta ƙi fitowa dominta ba, a riƙa nuna ni da baki a kasuwa."

"Zauna nan kina jiran ƙarfe har yaron mutane ya gaji," in ji ta, ta jefa rotin cikin kwano da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi.

Ku ba zan ɓoye muku ba, maganar kasuwar nan fakewa ce kawai. Nana ne ya koya min Fatiha, shi yake kai ni makaranta a cikin Madam ina tsaye a bayansa ina riƙe da kunnuwansa. Idan zuciyarsa ba ta kwanta da Feroze ba, ko a jirgin sama aka kai ni ba zan ji daɗin gidan ba. Kuma ina son Feroze, so na gaske, wannan ma ku sani.

Ina hawa sama wayata ta yi ƙara.

Injin Japan: "An wanke ta?"

Ni: "Yau Alhamis, malamin lissafi."

Injin Japan: "Na sani. Na ce ko ya yi kuskuren rana."

Ni: "Nana ba ya kuskure. Wasu ne ke yi."

Injin Japan: "Na tuba. Jiya na kwana karanta tarihin motar. Kin san da ita da Morris da Austin jikinsu ɗaya, ita ce dai 'yar gatan? Ko in zo in karanta masa?"

Ni: "Ka zo ka koya wa Nana Madam? Don Allah rufa min asiri."

Washegari Juma'a. Duk Juma'a bayan la'asar Nana yakan ɗage zanin gaba ya tayar da Madam ta yi ɗumi a inda take, don kada batir ya mutu. Na sauko da shayinsa na same shi tsaye a gabanta, injin yana bugawa a hankali, fitilu a kunne, ƙamshin fata da man inji ya cika wurin. Na tsaya na shaƙa, don ni wannan ƙamshin shi ne gida.

"Beti, tambarin ya kama?" ya tambaye ni.

"Ga shi a gabanka, Nana, yana ta haske."

"To, madalla."

Na ɗauka tsokana ce irin tasa. Na miƙa masa kofin, na tattaro duk ƙarfin halina.

"Nana, ba ka son Feroze ne?"

Ya zauna a lilo, ya hura shayin. Idan ka tambayi Nana gabas, ta yamma yake biyowa, saboda haka na jawo benci.

"Na taɓa faɗa miki yadda na same ta?"

"Sau ɗari."

"To ki ji na ɗari da ɗaya. Manajan gonar rake ne ya sauko da ita daga jirgin ruwa, sabuwa dal, ni ne direbansa. Ina saka farin kaki, ina buɗe masa ƙofar baya. Da aka ba mu 'yanci turawa suka fara haɗa kaya, ya ce ba zai koma da ita ba. Na je na sayar da shanun da babana ya bar min. Babata ta yi kuka, ta ce na musanya nono da hayaƙi." Ya yi dariya har shayin ya fantsala a rigarsa. "Haya na yi da ita daga bakin jirgin fito na New Amsterdam zuwa Skeldon. Mutum takwas, da kaji, da buhun shinkafa a but. Da wani zamani ya zo da ba a shigo da komai ƙasar, ko filogi babu, duk Morris ko Austin da ta mutu a yankin nan sai na je ta'aziyya da sifana a aljihu. Da kayan 'yan uwanta ta rayu, amma zuciyarta tata ce, ban taɓa canza mata ba."

"Ai Feroze ya gane, Nana. Ya tuba."

"Ranar aurena kuwa," ya ci gaba kamar bai ji ni ba, "ni na tuƙo kakarki Nani da hannuna. Mutane suna ta dariya, wai ango ya zama direba. Ta ƙi zama a baya, ta tattare mayafinta ta shigo gaba, ta ce ita ba fasinja ba ce."

Tun rasuwar Nani babu wanda ya sake zama a kujerar nan. Ɗan matashinta yana nan a kai, da farin mayafinta a ninke, ko ni da nake gogewa ba na ɗagawa.

"Ki ce masa ya zo ran Lahadi da hantsi," in ji Nana, ya miƙo min kofin, sai dai ya miƙa shi gefen da ba na nan.

Na haura da gudu har ina tuntuɓe.

Ni: "Lahadi da hantsi. Nana ya ce ka zo."

Injin Japan: "Allahu Akbar! Wanka za a yi mata?"

Ni: "Ban sani ba. Amma idan ya ce ka shiga mota, kada ka kuskura ka zauna a baya. Ka mai da shi direban haya ke nan, ya ce ya gama buɗe wa mutane ƙofar baya tun zamanin manaja."

Injin Japan: "To, gaba."

Ni: "Gaba kujerar Nani ce. Ka zauna a kai, ka manta da ni."

Injin Japan: "Zorina, to a ina zan zauna? A kan rufi?"

Ni: "Kai ne mai lissafi."

Ran Lahadi tun da safe Mama ta ɗora kifin hassa da kwakwa, ta soya fulawar wake, ta ce wai ba don kowa ta yi ba. Ni kuwa sau uku ina canza kaya. Na ƙare a doguwar riga ruwan ganye mai zare na zinariya a wuya, da farin mayafi, da 'yan kunnen Nani masu kamar ƙararrawa. Feroze ya iso cikin farar riga mai dogon hannu wadda guga ta kusa ƙonawa, ya ajiye 'yar motarsa ta Japan can nesa da gidan, wai kada Madam ta gani ta ji haushi.

Muna zagayowa ƙarƙashin gida na tsaya cak. An yaye zannuwan duka, an ninke su a kan benci. Madam tana tsaye tana sheƙi, hancinta yana kallon gada. Nana kuma ya sa farar hularsa ta kai amare, makulli a hannu.

"Assalamu alaikum, Nana."

"Wa alaikumus salam, Malam Injin Japan."

Feroze ya kalle ni, na kalli ƙasa. Mama ce ta kai rahoto, ba ni da shakka.

"Beti, shiga baya," in ji Nana. Na shiga, fatar kujerar ta yi 'yar ƙararta da na sani. "Kai kuma me kake jira? Shiga."

Wayyo Feroze! Ya yi taku ɗaya wajen ƙofar baya, ya tuna, ya fasa. Ya juya wajen ta gaba, ya hango farin mayafin Nani ta gilashi, ya janye hannunsa kamar ya taɓa tukunya. Gumi ya jiƙa gugar nan tas. Mama tana tsaye da ludayi a hannu, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Nana," ya ce a ƙarshe, "ka yi haƙuri. Baya ba wurina ba ne, nan kuma na san mai shi. In ka yarda zan bi ku a ƙafa."

Nana ya daɗe yana fuskantar inda muryar ta fito. Sai ya laluba ya kama hannun ƙofar direba, ya buɗe ta.

"Kujera nawa ka ƙirga, malamin lissafi? Ga wurinka nan."

Ludayin Mama ya faɗi ƙasa. A iya sanina da nata, babu mahaluƙin da ya taɓa zama a bayan sitiyarin nan in ba Nana ba. Feroze ya shiga kamar mai shiga masallaci, har yana neman cire takalmi. Nana kuwa ya ɗora tafinsa a kan bonet, ya bi ta gaban motar a hankali yana shafawa, ya wuce tambarin, ya bi gefe har yatsunsa suka sami ɗaya ƙofar. Ina kallonsa ta gilashi, sai tambayar tambarin ta dawo min, da kofin da ya miƙa wa iska. Ashe idonsa ne. Kullum ina tare da mutumin nan, ina ba mutanen gari magani a kanti, amma ban lura ba.

Ya buɗe ƙofar Nani. Ya ɗauki mayafin da hannu biyu, ya zauna, ya ɗora shi a cinyarsa.

"Waheeda, matso ki ji, don ba zan maimaita ba," ya ce da Mama. "Tun bara gadar can ta ɓace min. Ina jin ruwan, ba na ganin katakon. Na ɗauki 'ya'yan mutane kaf na kai su lafiya, ga tawa ta zo, idona ya ƙi. Kowace Lahadi sai in ɗauki makulli in ce yau zan gwada, sai in tuna wadda zan ɗauka, in mayar."

"Pa, me ya sa ba ka faɗa ba?" Mama ta fashe da kuka. "Da mun kai ka asibiti tuni!"

"Za ku kai ni, ai na san ba za ku bar ni in huta ba. Da na faɗa, da tuni kun kawo jif."

Ni kam hawaye sun gama da kwallin da na ɓata lokaci ina sawa. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, kuma a ƙarƙashinsu wani daɗi yana tasowa wanda na kasa dannewa.

"Ashe ba maganar injin ba ce?" na tambaya.

"Maganar injin wauta ce, kuma har gobe wauta ce. Amma wanda ya ce zai bi mu a ƙafa don kada ya taɓa mayafin matar da bai taɓa gani ba, zan iya ba shi makulli." Ya miƙa hannu, Feroze ya karɓa da hannu biyu. "Beta, ɗana, ni na tuƙo matata da kaina. Kai ma haka za ka yi. Ka fitar da ita bakin titi mu wanke ta. Waheeda, yana tsallake gadar nan ki kira mutanen Toronto."

Ban san wanda ya kai labari ba, amma ina ɗaga kai na ga Anti Doreen ta gidan da ke kallonmu ta fito da kayan cocinta, tana ɗaga jaka sama tana ihu, "Jama'a, an buɗe Madam! Zorina ta samu!" Kafin ka ce me, bakin titi ya fara cika, har da masu kekuna suna tsayawa.

Feroze ya sa makulli, injin ya amsa tun bugun farko. Ya riƙe sitiyari, ya leƙa ƙasa wajen ƙafafunsa, ya daɗe yana leƙe. Sai na ga idonsa a madubi, ya yi zuru-zuru.

"Zorina," ya ce ƙasa-ƙasa, "tawa biyu gare ta, birki da totur. Wannan na ukun fa?"

Innalillahi! Na manta shaf. Duk 'yan zamaninmu motar da ke canza giya da kanta suka koya, Feroze bai taɓa taka kuloci ba tunda aka haife shi. Na kalli gadar. Faɗinta da faɗin Madam kusan ɗaya ne, ga ruwan sama ya cika magudanar har baki, ga rabin ƙauye a tsaye a ɗaya gefen suna tafi.

Nana ya yi dariya har da buga cinya.

"Ai na sani. Tun daga jin yadda kake tsayar da taka na san ƙafarka ta hagu ba ta taɓa aiki ba." Ya lalubo hannun Feroze, ya ɗora shi a kan giya, ya rufe da nasa hannun, daidai yadda yake yi min ina ƙarama. "Taka na hagun har ƙasa. Yauwa. Kai kana ganin hanya, ni na san motar. Ka saki a hankali, a hankali fa, jikata ce a baya."

Na rungume kujerar Nani ta baya, na ji Nana ya dafa hannuna da ɗaya hannun nasa, mayafin yana tsakani. Feroze ya yi bismillah, ya fara ɗaga ƙafarsa.